Wa Ake Kiwo, Ragon Ko Yaron?

 Maganar wannan mako ta shafi wani al'amari ne da jama'a da yawa ba su ɗauke shi a bakin kome ba, watau irin rawar da iyaye ke takawa cikin kiwon da 'ya'yansu ke yi, tun ba ranar da za a fito da dabbar a nuna ta ga mutane ba. Ina iyakar taimakon da ya wajaba uba ya yi wa ɗansa, ina kuma wurin da taimakon ke juyewa ya zama cuta?

Duk wanda ya san Jibiya, garin nan na Jihar Katsina da ke bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, ya san dabba ita ce rabin arzikin mutanensa. Ran Lahadi kasuwa ke ci. Daga ƙetare kuwa, watau Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi, an saba shigowa da raguna ta Magama, balami da uda, da jar akuyar nan da fatarta ta yi suna a duniya. A irin wannan ƙasa da wuya yaro ya tashi ba shi da wata dabba da ake kira da sunansa. Kaka kan ba jikanta tunkiya, gwaggo ta ba 'yar ɗan'uwanta akuya, uba kuma ya sayi ɗan rago watanni kafin Babbar Sallah ya ɗaure a turke, ya ce wa ɗansa ga naka. Daga ranar nan yaro ke nan da neman harawa da kowar wake da 'ya'yan gawo, yana dama dusa da kanwa, yana share turke safe da yamma. Sa'ad da layya ta matso sai a wanke rago tas, a zagaya da shi unguwa yara na biye, daga nan a wuce kara, inda dillalai da masu saye za su dafa gadon bayansa, su buɗe bakinsa su duba haƙora, su yi masa kuɗi. Ranar nan ce ranar jarrabawar yaro. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ita ce kuma ranar jarrabawar uban.

Dalili kuwa, kuɗin da ke cikin sha'anin ba kaɗan ba ne, musamman a shekarun nan da hanyar dabbobi ta yi ta toshewa. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. A tsakanin haka, a 2021, Gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi har da Jibiya, saboda ɓarayin daji. Aka sake rufe iyakar a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa watan Maris na 2024, sa'an nan a 2025 hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi gab da layya. Duk sa'ad da irin haka ta faru, ragon da aka turke a gida darajarsa takan hau. In daraja ta hau kuwa, sai idon babba ya koma kan abin da a da ake ce masa wasan yara.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan fama ba. A Amurka akwai ƙungiyar yara manoma da ake kira 4-H, wadda asalinta ya faro tun farkon ƙarni na 20. Yaro kan yi kiwon maraƙi ko ɗan tunkiya, ya kai shi bikin nunin amfanin gona, alƙalai su duba su ba da lamba, sa'an nan a yi gwanjon wanda ya ci da kuɗi mai tsoka. An shirya abin ne domin yara su koyi aiki da riƙon amana. Amma a 1994, a babban bikin Jihar Ohayo, aka gano cewa da dama daga cikin dabbobin da suka yi fice an yi musu algus, wasu an ba su wani haramtaccen magani mai kumbura tsoka da ake kira kilenbutarol, wasu an ɗura musu man girki a ƙarƙashin fata don jikinsu ya cika. Aka gurfanar da manya gaban shari'a, jihar kuma ta kafa doka ta musamman a 1995. A wannan shekara dai, a birnin Denba, aka ƙwace lambar san da ya zo na ɗaya, bayan iyayen yaron da ya nuna shi sun amsa cewa su suka ba shi maganin. Mai karatu ya lura, yaro ne ya riƙe igiya a gaban jama'a, sunansa ne kuma ya ɓaci, alhali babba ne ya ƙulla abin.

Hannun iyaye cikin kiwon yaro iri uku ne, kowanne kuma da hukuncinsa.

Na farko shi ne taimako, wanda ba ma halal kaɗai ba ne, wajibi ne. Yaro ɗan shekara goma ba shi da kuɗin dusa, bai san alamar ciwon hanta ko tsutsar ciki ba, ba ya iya ja da dillalin da ya shekara talatin a kara. A ƙasar Jibiya ma akwai ƙarin dalili, domin dajin da a da yara ke shiga yankan ciyawa ya zama abin tsoro, uban da ya saki ɗansa shi kaɗai da sunan koya masa jarunta ya yi sakaci da amana. Saboda haka uba ya zaɓa tare da yaro, ya nuna masa yadda ake gane shekarun rago ta haƙora, ya kira malamin dabbobi in ta kama, ya tsaya bayansa ranar ciniki. Buhari ya ruwaito cewa babu wani Annabi da Allah Ya aiko face ya yi kiwon tumaki, shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwo a kan lada kaɗan. Malamai masu sharhi suka ce hikimar haka ita ce a saba da haƙuri da tausayi da lura da mai rauni kafin a ɗauki nauyin mutane. Ashe ke nan turken da ke bayan ɗaki makaranta ce, uba kuwa shi ne malaminta.

Na biyu shi ne ƙwace aiki. Akwai uban da ganin ragon maƙwabci ya fi na ɗansa cika ido kan hana shi barci. Sai ya karɓe kiwon gaba ɗaya, ko ya ɗauki wani ya riƙa yi, ko kuwa mako biyu kafin Sallah ya sayo ƙosasshen rago ya musanya, sa'an nan ya miƙa wa yaro igiya ya ce je ka nuna. A ido ba a cuci kowa ba, tun da ragon lafiyayye ne, mai saye kuma ya sami abin da ya biya. Amma an cuci yaron, don an raba shi da abin da aka ce ana so ya samu, aka kuma koya masa karɓar yabo kan gumin wani. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Shi wannan an ba shi zomo a faranti, an ce masa shi ne maharbi. Irin wannan uba sau da yawa ba don ɗan yake yi ba, sunansa yake nema a majalisa. In ragon na layya ne, to, ya tuna da aya ta 37 cikin Suratul Hajji, wadda ta bayyana cewa nama da jini ba su ne ke isa ga Allah ba, taƙawar mai yankan ita ce ke isa.

Na uku, wanda ya fi muni, shi ne algus. Dabarun sanannu ne ga duk mai zuwa kara: a cika wa dabba gishiri ko kanwa da daddare don ta sha ruwa cikinta ya ɗaga, a ba ta ƙwayoyin da ke kumbura jiki, a ɓoye ɗingishi da allurar kashe zafi, a ƙara mata watanni a baki don ta isa layya. Shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma barranta daga mai yin algus. Game da dabbobi musamman, Buhari da Muslim sun ruwaito hanin da aka yi ga barin raƙuma ko tunkiya kwanaki ba a tatsa ba don hantsa ta cika mai saye ya ruɗu. Wanda aka yi wa haka yana da zaɓin mayar da dabbar, ya haɗa da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa, malaman Malikiyya kuma suka ce sa'in abincin da ya fi yawa a garin. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta haramta ɓoye aibin haja a babin ciniki. In ragon layya ne laifin ya ninka, gama mai rama ƙwarai da mai ciwo bayyananne da mai ɗingishi bayyananne da mai ido ɗaya ba su isar wa mai layya, wanda ya ɓoye aibin yana wasa ne da ibadar ɗan'uwansa Musulmi.

To, duk wannan laifi ne ko da babba ya yi shi shi kaɗai. Ina ga a ce yaro na tsaye yana kallo, ko ma shi aka sa ya riƙe ƙafar rago ana ɗura ruwa, aka kuma kitsa masa abin da zai faɗa in an tambaye shi? Wa'azin shekara goma ba zai goge darasin wannan dare ɗaya ba. Yaron ya ga cewa gaskiya abar faɗa ce a makarantar allo, in an zo kasuwa sai a ajiye ta a ƙofa.

Littattafan tarihi sun kawo labarin wata mai sayar da nono a Madina zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. Cikin dare ta umurci 'yarta ta zuba ruwa a nonon. Yarinya ta tuna mata cewa Halifa ya hana. Uwar ta ce ai Halifa ba ya ganinsu, yarinyar kuwa ta ƙi, ta nuna mata cewa Ubangijin Halifa Yana gani. Umar yana bayan katanga yana ji. Ya aurar da ita ga ɗansa Asim, daga tsatsonta kuma aka sami Umar ɗan Abdul'aziz. An saba kawo wannan labari don yabon yarinyar, amma iyaye su dubi ɗaya gefen. Muryar da ta kira ta zuwa ga algus muryar mahaifiyarta ce. Yara nawa ne za su iya ce wa uwa ko uba a'a cikin dare?

Wani zai ce, mai wannan magana bai san talauci ba. Gida na jiran kuɗin ragon nan don a sayi hatsi, kowa a kara kuma yana yin dabararsa, wanda ya ƙi shi ne zai koma gida da asara. Maganar tana da nauyi, ba kuwa za a raina halin da magidanta ke ciki ba. Sai dai wanda za a sayar wa ragon shi ma galibi talaka ne da ya yi wata da watanni yana tari. Kuma ruwan da aka ɗura kwana ɗaya yake yi ya zube, sunan gidan da aka san shi da algus kuwa yakan bi 'ya'ya har jikoki. Wanke rago da kyautata abincinsa da neman farashi mai kyau duk halal ne, ba wanda ya hana. Ma'aunin mai sauƙi ne: duk abin da uba zai iya faɗa da ƙarfi gaban mai saye cewa ya yi wa dabbar, gyara ne, abin da zai so a rufe, algus ne.

Saura magana kan abin da ke biyo bayan ciniki. Uban da ya ce wa yaro rago naka ne, ya bar shi ya yi wahalar wata shida, sa'an nan ya sa kuɗin aljihu ko bayani babu, ya karya alkawari. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata mata ta kira ɗanta da cewa za ta ba shi wani abu, Manzon Allah ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba da an rubuta mata ƙarya. In bukatar gida ta tilasta a taɓa kuɗin, a zaunar da yaro a gaya masa, a fitar masa da rabonsa, ko a saya masa 'yar tunkiya ya sake farawa. Haka nan kada a fifita ɗa guda da kyautar dabba a bar sauran, maza ko mata, domin Manzon Allah ya ƙi yin shaida a kan kyautar da Bashir ya keɓe ɗansa Nu'umanu da ita, ya umurce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Ranar da ragon yaro bai yi kuɗi ba kuma, ko na wani ya fi shi, ba ranar zagin dillali ba ce, ba kuwa ranar kunyata yaro gaban tsaransa ba. Rana ce ta zama a duba inda aka gaza, ko abinci ne, ko zaɓin iri, ko magani, a kuma koya masa ya je ya taya abokinsa murna.

Allah Ya umurci muminai cikin Suratut Tahrim, aya ta 6, da su kare kansu da iyalansu daga wuta. Rago dai kwanansa ƙidayayyu ne, ran goma ga Zulhajji ko kwana biyu bayanta an gama da shi. Yaron da ya riƙe igiyar shi ne zai wanzu, shi ne gobe dillali, shi ne mai awo, shi ne alƙali, da abin da ya gani a turken gidansu zai yi aiki. Allah Ya shirya zuriya, Ya sanya albarka cikin kiwo da kasuwa, Ya maido da zaman lafiya a Jibiya da kewayenta, amin.