Ka Cire Sakata, Amma Ka Buɗe Ƙofa?

Karatun yau: Ayyukan Manzanni 15:36-41 da 2 Timoti 4:11

Ya ɗan'uwana mai karatu, ɗauki wayarka ka duba sunayen waɗanda ka toshe lambarsu. Mutum nawa ne? Ka tuna laifin kowannensu?

A nan Anloga ta Kumasi, unguwar da ta yi suna da aikin katako, ko da yake kafintoci da yawa suna Sokoban yanzu, wani kafinta a ikkilisiyarmu ya ranta wa ƙanensa kuɗi. Lokacin biya ya wuce, maganganu masu zafi suka shiga tsakani, sai ya toshe lambar ƙanen, a kira da kuma a WhatsApp. Ana cikin haka mahaifiyarsu ta kwanta a Asibitin Komfo Anokye. Ƙanen ya yi ta kira, ya yi ta aika saƙo, ba wanda ya isa. A bakin maƙwabci yayan ya ji labari, kafin ya kai asibiti kuwa ta cika.

Bayan jana'iza ya buɗe lambar. Wata biyu suka wuce, sai ya zo wurina yana cewa, "Fasto, na yafe masa, na buɗe shi, amma har yau bai ce mini kome ba." Na tambaye shi, "Ya san ka buɗe?" Sai ya yi shiru.

Ga yadda abin yake. Idan ka toshe mutum a WhatsApp, ba a sanar da shi. Saƙonsa yakan tsaya da alama ɗaya, ba ya samun ta biyu wadda ke nuna ya isa. Ranar da ka buɗe shi ma ba a sanar da shi, kuma saƙonnin da ya aiko a kwanakin toshewa ba za su taɓa shigo maka ba. Ko roƙon gafara ne, ya ɓace ke nan.

To, buɗe lamba shi ne gafara? Farkonta ne kawai. Kowane kafinta ya sani cire sakata dabam, buɗe ƙofa dabam. Wanda ya yi ta ƙwanƙwasawa har ya gaji ya koma gida, ta yaya zai san ka cire sakata in ba ka fito ka kira shi ba? Sau da yawa mukan buɗe lamba a ɓoye domin lamirinmu ya daina damunmu, sa'an nan mu zauna muna jira wancan ya fara magana. Wannan girmankai ne ya sa rigar tawali'u.

Dubi Manzo Bulus. Yahaya Markus ya bar su a Bamfiliya tsakiyar aiki. Da za su sake fita, Barnaba ya so a tafi da shi, Bulus ya ƙi. Gardama ta yi tsanani har suka rabu: Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila. Amma bayan shekaru, yana ɗaure a Roma, Bulus ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus, gama yana da amfani a gare shi cikin hidima. Bai tsaya ga sauya ra'ayi a zuci ba. Ya ambaci sunansa, ya aika a kira shi.

Haka Ubangijinmu Yesu ya koyar. A Matiyu sura 5, in kai ne ka yi laifi, kai za ka je. A sura 18, in kai aka yi wa laifi, har yanzu kai za ka je. Hausawa ma sun ce zumunta a ƙafa take.

Sai dai ka ji ni da kyau. Ba kowace lamba za ka buɗe ba. Ɗan damfarar da ke neman lambar sirrin asusun kuɗinka na waya, bar shi a toshe. 'Yar'uwa, mutumin da ke yi miki barazana ko yana bin ki da maganganun banza, ki yafe masa a gaban Allah, amma kada ki buɗe masa. Gafara wajibi ce, amincewa kuwa sai an ga tuba. Maganata a kan ɗan'uwa ce, da aboki, da wanda kuke cin Jibin Ubangiji tare, wanda fushi kaɗai ya raba ku.

Kafintan nan ya rubuta wa ƙanensa kalmomi kaɗan a gabana: "Ƙanena, ina kwana? Ni ne." Muna zaune alama ta biyu ta fito. Bashin yana nan ba a biya ba tukuna, amma suna magana.

Kai fa? Zaɓi suna ɗaya yau. Buɗe shi, ka kuma zama na farkon gaisuwa.

Addu'a: Ya Uba, kai ne ka fara nemanmu tun muna nesa. Ka ba ni tawali'u in nemi ɗan'uwana tun da sauran lokaci. Cikin sunan Yesu, Amin.