Sa'ad da Tunanin Ɗanku Ya Ba Ku Tsoro

Karatu: Markus 9:14-29

Akwai wani nauyi da iyaye da yawa suke ɗauke da shi a ɓoye. Ɗansu ya soma faɗin abubuwa masu tayar da hankali. Wani yaro yakan cika littafin makarantarsa da zanen jini da gawawwaki. Wani yakan ce in ya rufe ido yana ganin kansa da wuƙa a hannu. Wani kuma yana jin ana kiran sunansa alhali babu kowa. Uwa ta kasa barci, uba ya yi tagumi, suna tambayar kansu: Ɗanmu mugu ne? Sammu aka yi masa? Ko hauka ne yake tafe? Idan haka gidanku yake a yau, bari mu yi tunani tare a kan tambaya ɗaya: shin za a auna mutum da kowane tunanin da ya ratsa zuciyarsa?

Ku tuna da jarabar Ubangijinmu a Matiyu sura 4. Iblis ya kai shi kan ƙololuwar Haikali, ya ba shi shawara ya faɗo ƙasa. Mugunyar shawarar ta shiga kunnensa, ya ji ta sarai, ya ƙi ta. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 4:15 kuwa ta shaida cewa an jarabce shi amma bai yi zunubi ba. Ashe zuwan tunani daban, yarda da shi daban, aikata shi kuma daban. Likitocin ƙwaƙwalwa ma sun gano cewa yawancin mutane masu lafiya sukan sami mummunan tunani jifa-jifa ba da sonsu ba. Yaron da irin wannan tunani yake sa shi kuka da kunya yana nuna muku cewa zuciyarsa tana ƙin abin. Idan tunanin ya yi ta komowa har yaron yana wanke hannu ba iyaka, ko yana maimaita addu'a ɗaya sau da yawa don tsoro, wannan ciwo ne sananne, yana kuma da magani.

Ku tuna kuma yaro yakan fitar da abin da aka zuba masa. Mu ma da tatsuniyar Dodo da kura muka girma. Yaran yanzu suna kallon kisa a waya da talabijin. Yaran da suka gudu daga hare-hare a kewayen Tafkin Chadi, ko a Diffa ko a arewacin Kamaru, sukan zana bindiga da gidaje suna cin wuta. Hannunsu yana faɗin abin da bakinsu ya kasa faɗi. Wanda ya doke irin wannan yaro saboda zanensa ya rufe ƙofar da yaron ya buɗe masa.

Duk da haka, kada kwanciyar rai ta zama sakaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa kusan ɗaya cikin bakwai na yara masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ciwon da yake sa mutum jin muryoyi da ruɗewar tunani yakan soma ne daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da wani abu, yakan kuma riga bayyana ga maza. Saboda haka ku lura da kyau. Yaron ya san cewa abin a cikin kansa yake, ko ya gaskata da gaske ne yake faruwa? Ya janye daga abokansa? Yana yin kwanaki ba barci? Ya daina wanka? Karatunsa ya lalace? Yana zargin ana sa masa guba a abinci? Yana jin daɗin azabtar da dabbobi? Yana maganar kashe kansa ko wani mutum da ya ambata? Waɗannan alamu ne na neman taimako ba da jinkiri ba.

Sau da yawa tushen abin a jiki yake. Zazzaɓin cizon sauro yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Farfaɗiya takan sa yaro ya ga ko ya ji abin da babu. Tabar wiwi da ƙwayar tiramol, waɗanda suka yaɗu cikin samarinmu, sukan birkita tunani. Idan ruɗewa ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi, ku kai shi asibiti a ranar. Kada mu yi saurin kiran kowane ciwo aljan. Matiyu 4:24 ya lissafta masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban, Yesu kuwa ya warkar da su duka.

To, me ƙauna take bukata a wurinku? Ku dubi uban nan na Markus sura 9. Markus ya ce ƙazamin ruhu ne yake jefa ɗansa cikin wuta da ruwa. Uban bai kulle shi a ɗaki don gudun bakin mutane ba. Ya kawo shi fili, ya bayyana ciwon dalla-dalla. Yesu kuma bai tuhume shi da laifi ba. Tambayarsa ya yi tun yaushe abin ya soma. Ku ma ku soma da tambaya. Ku zauna da ɗanku a keɓe, ku sassauta murya, ku ce: "Ɗana, faɗa mini abin da kake gani. Tun yaushe? Yana ba ka tsoro?" Ku bar shi ya gama, kada fuskarku ta nuna ƙyama. Idan kuna shakka, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ya ce i, kada ku bar shi shi kaɗai. Ku kawar da maganin ƙwari, da maganin ɓera, da wuƙa, da igiya, ku nemi ma'aikacin lafiya nan da nan. A gaban likita ku faɗi kome, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani zai ce zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Ku karanta 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa. Kafin Allah ya yi masa magana, sai da ya ba shi barci, da abinci, da ruwa, har sau biyu. Wanda ya halicci rai shi ya halicci jiki, Luka kuwa da ya rubuta Bishara likita ne. Ku yi addu'a, ku kuma ba da magani a kan lokaci, kada ku tsayar da shi sai da iznin likita.

Akwai abin da ƙauna ba ta yi. Ba ta sa yaro a mari, ba ta dukansa, ba ta hana shi abinci da sunan azumi. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta sami shaidar ɗaure masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙasashe 60, har da wuraren addu'a. Wannan abin kunya ne. Amma ku dubi Grégoire Ahongbonon, mutumin ƙasar Benin, mai gyaran taya a da. Ya soma aiki a birnin Bouaké na Kodebuwa, yana kwance marasa lafiya daga sarƙa, yana kai su inda za su sami magani da mutunci. Da yawa sun koma gida suna sana'a. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ku kuma 'yan ikilisiya, kada ku mai da wahalar wani gida abin tsegumi, ko ku ce zunubin iyaye ne. A Yohanna sura 9 Yesu ya ƙi irin wannan zargi game da wanda aka haifa makaho. Ku kai ziyara, ku taimaka da kuɗin mota da na magani.

Ya ku iyaye, ɗanku ya fi tunanin da yake ba ku tsoro. Uban nan na Markus ya zo da bangaskiya gauraye da shakka, Ubangiji kuwa ya karɓe shi haka. Yau da dare, ku kira ɗanku, ku saurare shi.

Addu'a: Ya Uba, kai ne masanin zukata. Ka kawar mana da tsoro da kunya. Ka ba mu kunnen saurare, da hikimar neman taimako a kan kari. Ka sa wa hannun likitoci albarka, ka ba 'ya'yanmu salama. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.