Baƙaƙen Tufafi da Hankalin Iyaye

Karatu: Afisawa 6:1-4, 1 Sama'ila 16:1-13, Daniyel 1:8-16

Yau za mu duba wata tambaya da ke iya ta da ƙura a gidan masu bi. Idan saurayi ko budurwa suna son irin shigar da ake kira gotik, wato baƙaƙen tufafi daga sama har ƙasa, da manyan takalma, da sarƙoƙi, da kwalli mai yawa, da baƙin fenti a farce, amma hankalin iyayensu bai kwanta ba, wa ya kamata ya saurara wa wani? Wayar hannu ta kawo hotunan wannan shiga har cikin ɗakunanmu a Miskine, kuma wanda ya juya gwanjo a kasuwar Kilomita Biyar ba zai rasa baƙar riga da baƙin wando ba. Don haka maganar ba ta mutanen Turai kaɗai ba ce.

Daga ina abin ya fito?

Asalin sunan na wata kabila ne ta Turai, Gotawa, waɗanda suka ci birnin Roma a shekara ta 410. A cikinsu akwai masu bi, har wani bishop mai suna Wulfila ya juya musu Littafi Mai Tsarki cikin harshensu tun a ƙarni na huɗu. Daga baya aka laƙaba sunan ga irin ginin manyan majami'u masu dogayen hasumiyoyi, kamar Notre-Dame ta Paris, sannan ga labaran ban tsoro na tsofaffin gidaje da kaburbura. Shigar da muke magana a kai ta taso ne a Ingila wajen 1979, tare da kiɗan ƙungiyoyi irin su Bauhaus da The Cure. A 1982 aka buɗe wani gidan rawa mai suna Batcave a Landan, inda masu wannan shiga suka riƙa taruwa. Tun 1992 kuma ake yin babban taronsu a birnin Leipzig na Jamus.

Gotik ba addini ba ne. Ba su da littafi, ba su da shugaba, ba su da wurin sujada. A cikinsu akwai marasa addini, akwai Kirista, akwai kuma 'yan kaɗan masu wasa da alamun sihiri. Abin da ya haɗa su shi ne kiɗa, da tufafi, da son tunani a kan baƙin ciki da mutuwa. Ya kamata iyaye su san wannan kafin su yanke hukunci, ya kamata yara ma su san abin da suke kwaikwayo.

Baƙi zunubi ne?

Babu inda Maganar Allah ta hana wani launi. Mu Hausawa mun daɗe da darajanta baƙin rini. Riga kore da rawani ɗan Kura tufafin manya ne, marinar Ƙofar Mata a Kano kuwa sananniya ce a duniya. Kakanninmu mata sun sa kwalli tun kafin a haifi mawaƙan Ingila. Fastoci da yawa da baƙar kwat suke hawa bagade. Lokacin da annabi Sama'ila ya je gidan Yesse, tsayin Eliyab da kyan surarsa suka ruɗe shi, sai Ubangiji ya nuna masa cewa idon mutum a kan siffa yake tsayawa, shi kuwa zuciya yake bincikawa. Farar riga ba ta tsarkake kowa, baƙa kuma ba ta ƙazantar da kowa.

Amma tufafi suna magana, kuma wasu alamu suna da ma'ana ko mai sa su bai sani ba. Gicciye da aka juya kansa ƙasa don reni, da tauraro mai ƙafa biyar da masu sihiri suke amfani da shi, da rubutun zagin Allah a gaban riga, waɗannan ba ado ba ne ga mai bi. Wanda aka fansa da jinin Yesu ba zai rataya a wuyansa abin da ke yi wa gicciye ba'a ba. A nan babu ciniki. Abin da ya rage, wato launi da ɗinki da takalmi, shi ne za a iya zama a tattauna.

Me iyaye suke tsoro?

Ya kai saurayi, ya ke budurwa, kafin ku ce iyayenku ba su waye ba, ku tsaya ku ga abin da suke gani. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tun daga ranar 5 ga Disamba 2013 unguwanninmu sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. Kirista sun binne nasu, Musulmi sun binne nasu. An kai hari cocin Fatima a Mayun 2014, aka sake a ranar 1 ga Mayu 2018. Yaron da ke da shekara goma sha biyar yau bai riƙe yawancin wannan ba, amma uwarsa ta riƙe. A wurinta baƙin tufafi na makoki ne, hoton ƙoƙon kan mutum kuwa ba zane ba ne, abu ne da idonta ya taɓa gani. Idan ta ga ɗanta cikin wannan shiga gabanta ya faɗi, ba jahilci ba ne.

Tsoro na biyu shi ne bakin mutane. A ƙasarmu zargin maita, wanda ake kira likundu da Sango, ba wasa ba ne. Dokar ƙasa tana hukunta aikin maita, an ɗaure mutane saboda wannan zargi, wasu kuma taron jama'a ya far musu tun kafin a kai ga alƙali. Tsofaffi mata da yara su ne suka fi shan wahala. Uban da ya ce wa 'yarsa kada ta fita da baƙin leɓe da sarƙar ƙasusuwa, yana iya zama ranta yake tsarewa. Ko a Ingila inda abin ya fito, a watan Agustan 2007 wasu samari suka yi wa wata budurwa mai shekara 20, Sophie Lancaster, dūka a garin Bacup saboda shigarta, ta rasu bayan kwana 13. Laifin na waɗanda suka buge ta ne, ba nata ba. Amma iyaye sun san cewa duniya tana hukunci da ido.

Tsoro na uku ya fi zurfi: ko baƙin da ke waje yana nuna baƙin cikin da ke ciki? A 2015 mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga binciken da aka yi a kan matasa fiye da 3,600 na yankin Bristol. An ga cewa waɗanda suka ɗauki kansu 'yan gotik sosai a shekara 15, sun ninka sauran sau uku wajen kamuwa da ciwon damuwa a shekara 18. Masu binciken ba su ce tufafin ne suka jawo ciwon ba. Mai yiwuwa yaron da ke jin kaɗaici ne yake neman inda za a karɓe shi. Wannan ya isa ya sa uba ya matso kusa da ɗansa.

'Yanci da girmamawa

Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa abu yana iya zama halal amma ba shi da amfani, kuma mai bi ba ya neman jin daɗin kansa kaɗai (1 Korantiyawa 10:23-24). A Romawa 14 ya yi magana a kan abinci da ranaku, ya ce mai ƙarfi ya kula kada ya ɓata wa ɗan'uwansa rai saboda abin da ba shi ne Mulkin Allah ba. Idan haka ne tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa, ina ga uwar da ta haife ka? Girmama iyaye doka ce mai alkawari, Ubangiji Yesu da kansa, bayan ya ba malaman Haikali mamaki yana da shekara 12, ya koma Nazarat yana yi wa Yusufu da Maryamu biyayya (Luka 2:41-52).

Wani zai ce, to ashe duk abin da bai yi wa iyaye daɗi ba haram ne? Ba haka ba ne. Akwai lokacin da biyayya ga Allah take gaba da biyayya ga mutum (Ayyukan Manzanni 5:29), kamar in aka ce ka yi ƙarya, ko ka ƙi maƙwabcinka saboda addininsa, ko ka musunci Almasihu. Amma launin riga bai kai nan ba. Kada mu ɗauki sha'awar ido mu sa mata sunan tsanani saboda bangaskiya.

Akwai hanyar da matasa suka fi bi, ita ce kuma mafi muni: a fita gida da shigar kirki, a ɓoye sauran cikin jakar makaranta, a sāke a gidan aboki. Iyaye suna zaune hankali kwance, amma kwanciyar hankalin ta ƙarya ce. Ranar da maƙwabciya ta kawo labari, ba maganar riga za a yi ba, amana ce ta karye, gyaranta kuwa yana ɗaukar shekaru.

Daniyel ya nuna hanya mafi kyau. Yana saurayi a Babila, bai so abincin sarki ba, amma bai yi tawaye ba. Ya je wurin mai lura da su da ladabi, ya gane cewa shugaban fādawa yana tsoron ransa, ya roƙi a gwada su kwana goma a ga sakamako. Daniyel yana da dalili mafi nauyi ƙwarai fiye da ado, duk da haka ya roƙa, bai ƙwace ba. Kai ma ka zaɓi lokacin da Baba ya huta, ka ce, "Baba, ga abin da nake so, ga dalilina, me ke damunka a ciki?" Ka nuna musu hotunan da waƙoƙin da kake ji, kada ka ɓoye kome. Ka fara da kaɗan, kamar baƙar riga mai tsabta marar zane. Ka yarda akwai wuri da lokaci: ranar Lahadi, da gaisuwar mutuwa, da ziyarar dangi, ka sa abin da zai faranta musu rai. Sannan ka bar halinka ya yi shaida. In karatu bai ja baya ba, ana ɗebo ruwa, ana zuwa sujada, ana dawowa gida da wuri, tsoro yakan ragu da kansa. In kuwa bayan wannan duka suka ce a'a, ka haƙura. 'Yan shekaru ne suka rage ka zama mai gidan kanka. Baƙin yadi ba zai ƙare a kasuwa ba, amma iyaye ba sa dawwama.

Kalma ga iyaye

Ayar da ta umarci yara su yi biyayya, ita ce ta biyo da gargaɗi ga ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. Kolosiyawa 3:21 ta ƙara da dalili, wato kada su karai. Ƙona tufafin yaro a tsakar gida, ko kiransa ɗan Shaiɗan, ko jan sa gaban ikilisiya a ce a fitar masa da aljani, ba ya gyara kome. Mafi haɗari ma, in kalmar maita ta fito daga bakin uwa ko uba, unguwa za ta ɗauka, ba kuwa mai iya mayar da ita.

Ku tambaya kafin ku hukunta. Wataƙila ado ne kawai, bayan shekara biyu ya wuce. Wataƙila kuma yaron yana ɗauke da makokin da ba a taɓa ba shi damar yi ba. Yaranmu sun girma cikin ƙarar bindiga da gudun hijira, muka ce musu su yi shiru su gode wa Allah. Littafi Mai Tsarki bai ji tsoron baƙin ciki ba. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu, Mai Hadishi 7:2 ta fifita gidan makoki a kan gidan biki, Yesu kuma ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Idan ikilisiya ba ta da wurin hawayen matashi, zai nemi wurin a waje. Ku lura da alamun da suka fi tufafi muhimmanci: daina cin abinci, rashin barci, guje wa mutane, tabon yanka a hannu, ko maganar gajiya da rayuwa. In kun ga waɗannan, ku nemi fasto, ku nemi likita kuma, kada ku jira.

Ku faɗi iyakarku a fili tare da dalili, ku bar wa yaro ɗan fili a cikin abin da ba zunubi ba. Uban da ya ce i a ƙananan abubuwa, za a ji a'arsa a manya.

Don tunani: Wane abu nake ɓoye wa iyayena? Yaushe rabon da in zauna in saurari ɗana ba tare da faɗa ba?

Addu'a: Ya Uba na Sama, kai da kake ganin zuciya, ka ba 'ya'yanmu tawali'u su girmama iyayensu, ka ba iyaye haƙuri su saurari 'ya'yansu. Ka warkar da raunukan gidajenmu a Miskine da dukan Bangui, ka tsare bakinmu daga zargin marar laifi. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.