Zakaran Kirsimeti a Minna

Ranar jajibirin Kirsimeti, a tsoffin unguwannin Minna irin su Kwangila da Sabon Gari da Makera, akan ga yaro rungume da zakara yana sallama a ƙofar maƙwabci: "Malam, wai in ji Mama a taimaka a yanka mana." Malam ya wasa wuƙa, ya dubi gabas, ya yi bisimilla. Gidan su yaron Kiristoci ne, kuma ba wuƙa suka rasa ba. Gobe ne uwar za ta raba shinkafa gida-gida, ba ta son kwanonta ya dawo ba a taɓa naman ba.

Minna ƙasar Gwarawa ce, amma jirgi ne ya tara mata jama'a. Layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, na Legas kuma a nan ya haɗe da shi. Ya kwaso Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo, leburori da akawuna da 'yan tireda, ya zube su a gidajen haya, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Garin da aka haifi marubuci Cyprian Ekwensi a 1921 a cikinsa ne aka haifi Janar Babangida a 1941. Su kansu Gwarawa, sai ka tarar da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci da mai bin al'adar kakanni a zuri'a guda.

Baƙo cikin baƙi, dole ya san abin da maƙwabcinsa ba ya ci. A ganina wannan sanin ya fi tarukan zaman lafiya da ake yi a otal riƙe gari, domin bai nemi kowa ya saki addininsa ba. Ba a ce babu saɓani ba: akwai malaman da ke hana cin abincin bikin ɗungurungum, a wasu gidajen kuma ana karɓa ne don kunya. Duk da haka, da Babbar Sallah cinyar rago kan ƙetara zuwa gidan Mama.

Tun da Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976 take ta faɗaɗa. A sababbin unguwanni kowa da katangarsa da rijiyar burtsatsensa, kaza kuma daga firjin kanti ake ɗauko ta a fige. Sai mutum ya shekara bai san sunan na bayan katangarsa ba.