Kiran Neman Agaji Amana Ce A Wuyan Mai Kira Da Mai Amsawa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya girmama ran ɗan Adam. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya san Ƙofar Ɗan Agundi ya san a wajenta akwai titin Jami'ar Bayero da ba ya rabo da motoci, a cikinta kuwa lunguna ne matsattsu da gidaje manne da juna. In gobara ta tashi a irin wannan wuri, musamman da hunturu, ko mota ta buge mutum, ko yaro ya faɗa rijiya, to, abin da ke tsakanin rai da mutuwa 'yan mintoci ne kawai. Amma abin takaici, sau da yawa jama'a sukan ƙi kiran 'yan kwana-kwana, suna cewa ko an kira ba za su zo da wuri ba, in ma sun zo, ruwansu ba zai isa ba. Su kuma ma'aikatan suna kukan kiran ƙarya da cunkoson 'yan kallo. Watau yarda ta yi ƙaranci tsakanin ɓangarorin biyu, alhali kuwa ita ce ginshiƙin wannan aiki.

Ceton rai farilla ce ta kifaya. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita raya mutum guda da raya mutane baki ɗaya. Malaman fiƙihu sun wajabta wa mai salla ya yanke sallarsa domin ya tsamo wanda zai halaka, har ma a mazhabar Malikiyya an ɗora lamuni a kan wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiya ya ƙi. To, ina ga wanda abin da ake nema gare shi danna lamba uku ne kacal?

Tsarin lambar gaggawa ma hasarar rayuka ce ta haife shi. A 1935 gobara ta ci mata biyar a wani gida a Landan, wani maƙwabci kuwa ya yi ta neman ma'aikatan waya bai samu an amsa masa da wuri ba. Saboda haka aka buɗe lamba 999 a 1937. Amurka ta bi sahu da 911 a 1968. A Nijeriya akwai 112 wadda ake kira kyauta, da 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988. Mutanen Kano kuwa ba su manta da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta lashe dubban rumfuna.

Gyara na farko yana wuyan mai kira. Wanda ya buga waya ya ƙirƙiri gobara don wasa, ya sani ya haɗa zunubi biyu: ya yi ƙarya, ya kuma janye mota daga inda wataƙila ake bukatarta da gaske. Hadisi ya yi narkon azaba ga mai ƙarya domin ya ba mutane dariya. Mai kiran gaskiya kuma ya natsu, ya faɗi unguwa da lungu da wata alama sananniya, sa'an nan a tsayar da wani a bakin titi ya yi wa motar jagora.

Na biyu yana wuyan mai amsa waya da shugabanninsa. Albashin da yake karɓa ya mayar da aikin farilla ta aini a kansa. Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umurni da mayar da amana ga masu ita, kuma barci a bakin waya, ko tsawa ga mai kira a firgice, cin amana ne. Wajibi ne hukuma ta tanadi motoci lafiyayyu da mai da wuraren ɗiban ruwa, ta kuma riƙa bayyana tsawon lokacin da ma'aikatanta ke ɗauka kafin su isa. Aiki ne ke sayo yarda, ba alkawari ba.

Na uku yana wuyan jama'ar unguwa. Gusar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, don haka kafa rumfa ko ajiye mota a bakin lungu har a tare masu agaji, ya saɓa wa haƙƙin hanya. Jifan ma'aikata saboda sun makara zalunci ne, bai kuma taɓa kashe wuta ba. Kyautuwa ya yi limamai da masu unguwanni su koya wa mutane lambobin nan, a rubuta su a bangon masallatai da makarantun allo.

Tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Lokacin da wani gida ya ƙone da dare a Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umurni ya yi a riƙa kashe wuta kafin a kwanta.

Allah Ya tsare bayinSa daga gobara da haɗari, Ya ba masu riƙe da wannan amana ikon sauke ta. Amin.