Mugun Hali Ne, Ko Yunwa Ce?

'Yan'uwa, mun sha shiga gida mu tarar da yaro ɗan shekara biyu ko uku yana ta rigima. Ba ya wasa da 'yan'uwansa. In an ba shi tuwo ya ture, in an juya baya ya ɗebi ƙasa ya kai baki. Uwa ta ce fitinanne ne. Uba ya ce taurin kai ne, a kawo bulala. To, bari mu tambayi kanmu: daidai ne mu hukunta yaro tun ba mu binciki tushen abin ba?

A shekara ta 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a Ankara, babban birnin ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta bayyana wata cuta ta yaran da aka yaye aka bar su da kokon masara kaɗai. Mutanen Ga suna ce da ita kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaro sa'ad da aka yi masa ƙane. Ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja. Amma hali ma yakan sake. Yaro ya zama mai yawan kuka, ba abin da ke ba shi sha'awa. Masu jiyya sun sani, ran da irin wannan yaro ya yi murmushi, sauƙi ya soma samuwa.

Akwai kuma yunwar da ido ba ya gani. Jini da ƙwaƙwalwa suna bukatar sinadarin ƙarfe. Guzurinsa da jariri ya zo da shi daga ciki yakan ƙare wajen wata 6. In daga nan farin kunu ne kullum, sai jini ya ragu, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ƙara tsananta abin. A 1998 Likita Betsy Lozoff ta ba da labarin irin waɗannan jarirai a ƙasar Kosta Rika: sun fi sauran tsoro da saurin gajiya, suna manne da uwa. Cin ƙasa ma sau da yawa alamar wannan rashi ce. Haka kuma rashin aidin, mai kawo maƙoƙo, yana dushe basirar yaro, mu kuwa mu ce daƙiƙi ne. Domin wannan ne Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishiri a 1993.

Kada wani ya ce muna hana horo. Ba kowane laifi ne yunwa ke kawowa ba, yaro ƙoshasshe ma yakan yi ƙarya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne. Amma iccen da ya rasa ruwa, in ka tanƙwara shi karyewa zai yi. Alƙalin da ya yanke hukunci bai ji shaida ba, azzalumi ne, ko da nufinsa kirki ne. Yaro kuwa ba shi da bakin kāre kansa.

Ga kuma abin da ya fi nauyi. Wa ke raba abinci a gidajenmu? Nama na maigida, romo na yaro. Ƙwai a kai kasuwa, wai in yaro ya ci zai koyi sata. Ashe mu muka hana, mu ne kuma masu duka! Mu tuna da annabi Iliya, da ya gaji har ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai fara da tsawa ba. Sai da ya ci, ya sha, ya yi barci, sa'an nan aka yi masa magana.

Saboda haka, in halin yaro ya sake, mu fara duba akushinsa. A sa masa gyaɗa ko wake cikin kunu. A ba shi ƙwai, da hanta, da kifi, da zogale gwargwadon hali. A bi da lemo ko gwaiba, gama suna taimakon jiki ya karɓi ƙarfen, shayi kuwa yana hanawa. In cikin idonsa ko tafin hannunsa ya yi fari, ko ƙafa ta kumbura, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu ciyar da yaro tukuna, sa'an nan mu nemi biyayya a wurinsa.