Tabar wiwi a ma'aunin fiƙihu: daga shuka zuwa maye

Tabar wiwi tsiro ne da ake cin moriyarsa ta fuskoki uku: zaren jikinsa da ake tufka igiya da saƙa da shi, 'ya'yansa da ake matse mai daga cikinsu, sai kuma furen macen da ke fitar da wani danƙo mai ɗauke da sinadarin THC, wanda shi ne ke juya hankali. Masu noma shi domin sha ba sa tsayawa ga girbi. Sukan busar da furen, su adana shi na tsawon makonni har ya tsumu, ɗacin ɗanyen ganye ya ragu, ƙamshi ya fito, hayaƙin ya daina maƙaƙi a maƙogwaro. A Kanada tun 2018, da Jamus tun 2024, doka ta yarda baligi ya shuka 'yan tsirarun tushe a gida, har wannan aiki ya zama abin gwaninta. Tambayar da ke gaban Musulmi, ko a can yake zaune ko a Kano, ita ce ko kasancewar abin tsiro ne da Allah ya halitta, mutum ya shuka da hannunsa ya kuma gyara shi, na sauya hukuncinsa.

Ba a ambaci wiwi da suna a Alƙur'ani ko hadisi ba, kuma limaman mazhabobi huɗu, daga Abu Hanifa da ya rasu a shekara ta 150 bayan Hijira zuwa Ahmad ɗan Hambali da ya rasu a 241, ba su yi magana a kansa ba. Ibn Taimiyya ya bayyana dalili: cin hashish, kamar yadda Larabawa ke kiransa, bai yaɗu cikin Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7 na Hijira, zamanin ɓullowar Tatar. Masanin tsirrai Ibnul Baiɗar, wanda ya rasu a 1248 Miladiyya, ya gan shi ana shukawa a lambunan Masar, ya kuma rubuta cewa yana bugarwa ƙwarai. Al-Maƙrizi ya kawo labarin da mashaya ke yaɗawa cewa wani shehin sufaye a Khurasan mai suna Haidar ne ya gano shi. Sarakunan Mamluk sun yaƙe shi, ciki har da Baibars, amma shan bai ƙare ba. Saboda haka malamai suka fuskanci sabon abu, dole suka koma ga nassoshi masu gamewa da ƙiyasi.

Nassin farko shi ne ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, waɗanda suka hana giya suka kuma faɗi dalili: tana haddasa gaba da ƙiyayya, tana kange mutum daga ambaton Allah da salla. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya faɗaɗa sunan giya ya haɗa da duk abin da ke sa maye, wani kuma a wajen Abu Dawuda da Tirmizi ya nuna cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Akwai kuma ruwayar Ummu Salama a wajen Abu Dawuda da ta haɗa hani ga mai sa maye da mai kashe jiki, ko da yake wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta.

Inda malamai suka rabu shi ne ko wiwi yana cikin masu sa maye a ma'anar fiƙihu. Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya a Masar da ya rasu a 1285, ya yi wani rabo a littafinsa Al-Furuƙ wanda har yau ake jingina da shi. Abin da ke taɓa hankali, in ji shi, iri uku ne. Wani yana ɗauke ji da gani gaba ɗaya, kamar maganin da ake ba wanda za a yi wa tiyata. Wani yana barin gaɓoɓi a farke amma ya kawo nishaɗi da jin ƙarfi da rashin tsoro, wannan shi ne mai sa maye. Na uku yana dagula hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, shi ne mai ɓata hankali. Al-Ƙarafi ya sa wiwi a kashi na uku, hujjarsa kuwa lura ce da halin mutane: mashayan giya sukan yi hayaniya da faɗa, masu cin hashish kuwa sukan yi shiru, jikinsu ya mutu. Wannan rabo yana da sakamako uku. Ba a yi wa mai shan wiwi haddi, wato bulala 80 a mazhabar Malik, sai dai ta'aziri gwargwadon ganin alƙali. Ganyen ba najasa ba ne, don haka wanda ya yi salla da shi a aljihu sallarsa ba ta ɓaci ba. Ɗan kaɗan da bai taɓa hankali ba kuma bai shiga hukuncin ɗigon giya ba.

Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, bai yarda da haka ba. A ganinsa mashaya suna jin daɗi da nishaɗi, shi ya sa suke nemansa, don haka giya ce a hukunci, da haddinta da najasarta. Cikin Malikiyya ma an samu mai wannan ra'ayi. Shehu Khalil, mai Mukhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya ruwaito cewa malaminsa Abdullahi al-Manufi yana ganin wiwi mai sa maye ne, saboda ana ganin mutane suna sayar da kayansu domin su same shi, kuma mutum ba ya yin haka a kan abin da ba ya ba shi nishaɗi. Wannan hujja tana da ƙarfi, domin ta fito daga abin da kowa ke gani da idonsa. Az-Zarkashi na Shafi'iyya ya rubuta littafi guda a kan haramcinsa, Ibn Hajar al-Haitami kuma ya lissafa shi cikin manyan zunubai.

Duk wannan saɓani a kan horo ne da tsarki da ɗan kaɗan. Babu ɗayansu da ya halatta shan abin da zai gusar da hankali, kuma masu kafa hujja da Al-Ƙarafi don su sha sun ɗauki rabin maganarsa ne. Dalilin yana da zurfi fiye da batun tsiro guda. Al-Gazali ya lissafa hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Hankali shi ne abin da ake ɗora wa mutum umarni da hani saboda shi, shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga yaro da mahaukaci da mai barci. Wanda ya dusashe hankalinsa da gangan ya ajiye amanar da aka ba shi, alhali lokacin salla da haƙƙin iyali ba su jira shi ba.

Maganar da ake yawan ji, cewa ai ganye ne Allah ya halitta, ba ta tsayawa. Inabi da dawa halittar Allah ne, amma giya da burkutu haramun ne. Zaƙami ma a daji yake fitowa ba wanda ya shuka shi. Dalilin hukunci shi ne abin da abu ke yi wa hankali, ko daga masana'anta ya fito ko daga bayan ɗaki. Ahmad Baba na Timbuktu ya bi wannan ma'auni ne sa'ad da taba ta yaɗu a Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 17, ya halatta ta saboda a ganinsa ba ta gusar da hankali. Ma'aunin da ya wanke taba a wajensa shi ne ya kama wiwi.

Shuka kuwa hukuncinta yana bin manufa. Noma irin da ba ya bugarwa domin igiya ko mai ba laifi ba ne a shari'a. Haka nan magani da likita ya tabbatar, kamar wanda Amurka ta amince da shi a 2018 daga sinadarin CBD domin wasu nau'o'in farfaɗiya, yana shiga babin larura, kuma Maroko ta halatta noman wiwi don magani da masana'antu a 2021. Tsuma fure don ƙamshi ya fito ba shi da alaƙa da ɗaya daga cikin waɗannan, aiki ne da ake yi don sha ya yi daɗi. Hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya ya haɗa da mai matse ta da mai ɗaukarta da mai sayarwa, kuma Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, don toshe ƙofar ɓarna. Mai shuka wiwi ya gyara shi don sha ya haɗa matsayin mai matsewa da mai sha a jikinsa.

Halascin da dokar wata ƙasa ta bayar ba ya ɗauke haramcin addini, yana ɗauke horon kotu ne kawai. A Najeriya ma wannan sassaucin babu shi: noman wiwi laifi ne a dokar 1966, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ce ke farautar masu yinsa, kuma binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu shansa a ƙasar sun kai miliyan 10.6.